Rikodar Attahir da Waƙar Tatsa

Duk wanda ya zauna Tanut a wancan lokaci ya san Attahir mai gyaran rediyo, ɗan siririn nan mai taurin kai. Mutane suna ce masa taɓaɓɓe, ni kuwa har gobe addu'a nake yi masa.

Da ya ƙudurta buɗe ɗakin ɗaukar waƙa a gidansa, sai ya tafi Damagaram sayen kaya. Abokansa suka ce ya ɗauko ƙatuwar rediyon nan mai lasifika biyu, ta 'yan gayu. Mutumin nan ya dawo da wata 'yar rikoda mai aiki da pil, wato batir, da makirfo mai doguwar waya. Aka yi ta yi masa dariya. Ya ce, "Ƙatuwar nan, ihu ta iya. Wannan kuwa ji take yi." Ya lulluɓe bangon ɗakin da tabarmi da tsofaffin buhuna don kada hayaniya ta shiga.

Mu makiyaya ne. Farin 1984 ya cinye shanunmu kaf, muka dawo gari. Mahaifiyata Dado tana da waƙar tatsa, wadda take yi wa saniya har ta saki nono, amma tun da shanu suka mutu ba ta ƙara rera ta ba. Ga tari ya sa ta gaba. Tsoro ya kama ni kada ta tafi da waƙar, sai na ja ta zuwa gidan Attahir.

Ya zaunar da ita a ɗakin, ya miƙa mata makirfo.

"Inna, bismilla," in ji shi.

Ta harare shi. "Wa zan yi wa? Buhu?"

Wallahi haushi ya turnuƙe ni, na ce ta tashi mu tafi. Attahir ya ce mu dakata. Ya fita, sai ga shi janye da ramammiyar saniyar maƙwabcinsa Ila, ɗan maraƙinta na biye. Saniya ta ƙi shiga ɗakin, shi kuwa ko a jikinsa. Ya jawo doguwar wayar nan zuwa tsakar gida, ya durƙusa cikin kashin shanu riƙe da makirfo. Inna ta jingina goshi a jikin saniyar, ta kama hantsa, waƙa ta fito. Kaset ya ɗauki komai, zubar nono a ƙwarya, carar zakara, har da tarinta.

Inna ba ta ga damina ba, Allah ya ji ƙanta.

Bayan 'yan shekaru muka samu karsana ta haihu, amma ta hana ni nono, sai shuri. Na aro rikodar Attahir da kaset ɗin Inna, na ajiye a gefenta, na danna. Muryar Inna ta tashi. Saniyar ta miƙe kunnuwa, ta tsaya cik, nono ya fara zuba, ni kuma hawaye ya hana ni ganin ƙwaryar. Attahir, Allah ya saka maka da alheri.