Ruwan Alwalar Malam Haladu

Ranakun aiki da yawa sun ɓace mini, amma ban taɓa mantawa da ranar da aka tura ni Wudil duba oba-oba ba. Ku da kuka fara aiki da waya a aljihu, bari in yi muku bayani. A lokacin, saƙon gwamnati daga Kano zuwa ofisoshin waje ta rediyon oba-oba yake tafiya. Kowane ofishi yana da mai kula da rediyon, shi ke karɓar saƙo ya rubuta, ya mayar da amsa. Mu kuma namu aikin, idan ƙara ta shiga layi har magana ta daina fita, mu ɗauki mitar awo mu je mu gano inda take fitowa, mu yi maganinta. Ni a sannan ƙaramin jami'in fasaha ne, ban daɗe da barin makaranta ba, ina kuma ji da kaina fiye da kima.

Bazarar farko ce bayan sojoji sun miƙa mulki ga farar hula. Ko'ina ka duba sababbin shugabanni ne, ko'ina fenti da siminti. Mai kula da rediyon wani ofishi a Wudil shi ne Malam Haladu, dattijo mutumin Kausani. Duk wanda ya taɓa zama ɗakin rediyo a Kano ya san muryarsa. Ƙa'ida ta ce a taƙaita magana a layi, amma shi sai ya gama gaisuwa tsaf. "Kano, Kano, Wudil ce. Kun tashi lafiya? Ya iyali? Oba." Malam Isa, mai amsa masa daga Kano, kullum sai ya yi mita, kullum kuma sai ya amsa gaisuwar har ƙarshe. Shekara da shekaru suna haka, ba su taɓa ganin juna ba.

Tun da ruwa ya ɗauke, layin Wudil ya fara shuuu, har ya kai saƙon yamma ba ya shiga sam. Sabon shugaban ofishin ya sa a ransa cewa dattijon ne ke yi da gangan, wai mutumin sojoji ne. An ba dattijon takardar tuhuma, aka ce rahotona ne zai raba gardama. Idan na'ura ce, a gyara. Idan shi ne, ritayar dole.

Na isa da hantsi. Na bi tsarin da aka koya mini ɗaya bayan ɗaya: na gwada batir, na gwada rediyon, na hau na duba eriya, na zaga ofishin da mita. Komai lafiya. Na kira Kano, Malam Isa ya ji ni tar. Duk wannan lokacin Malam Haladu yana tsaye a bayana, hannuwa a baya, har na fara naɗe wayoyina.

Ya ce, "Injiniya, da ka duba gindin turken eriyar nan. Ƙasar wurin ce ta bushe."

Na ce, "Ƙasa kuma, Baba?"

Ya ce wanda ya kafa rediyon tun farko ya binne sandar ƙarfe a nan, ya ce masa kada ya bar wurin ya bushe. Tun daga ranar a nan yake alwalar azahar da la'asar, abin da ya rage a buta kuma ya juye a wurin. Da za a tarbi sababbin shugabanni sai aka malale tsakar ofishin da siminti, aka ce ya daina jiƙa gaban ofis, ya koma bakin famfo.

Wallahi dariya na yi. Na ce, "Baba, alwala ibada ce, ba ta gyara rediyo."

Bai nuna ya ji haushi ba. Ya ce, "To ka tsaya zuwa la'asar, ɗana, ka ji da kunnenka."

Na ce mota ba za ta jira ni ba. Gaskiyar ita ce zafi ya ishe ni, ina son in koma Kano da wuri. A hanya na rubuta layi biyu: na'ura ba ta da matsala, a binciki mai aiki da ita. Kafin wata ya ƙare takardar ritayarsa ta fita.

Aka kawo sabon ma'aikaci, ƙarar ba ta fasa ba. Aka sake tura ni, wannan karon na zauna. Ana idar da azahar, mai injin niƙa da ke bayan katanga ya tayar da injinsa, don lokacin ne mata ke aiko da hatsi. Nan take layin ya toshe. Amma injin ya fi shekara nawa a wurin bai taɓa hana saƙo ba. A nan na gane, domin abin da dattijon ya gaya mini yana cikin littafin da na ci jarrabawa da shi. Wayar ƙasa, wadda ke haɗa rediyo da sandar da aka binne, ita ce ke kwashe irin wannan ƙarar ta zubar, kuma busasshiyar ƙasa ba ta karɓa. Na ari diga na fasa simintin da hannuna. Ga sandar nan a cikin ƙasa busasshiya kamar gari. Na zuba gawayi da gishiri don su riƙe danshi, na kwarara bokiti huɗu na ruwa. Injin na ta ruri a bayan katanga, muryar Malam Isa ta fito kamar yana cikin ɗakin. Ban ji daɗi ko kaɗan ba, kunya ce ta rufe ni.

Na rubuta rahoto na biyu, na faɗi cewa kuskuren nawa ne, na kai wa shugabana da kaina. Ya karanta ya ce, "Ka kyauta da ka faɗa. Amma takardarsa ta riga ta wuce, an cike gurbinsa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba abin da za a iya yi?"

Ya girgiza kai, ya sa rahoton a fayil.

Ranar Asabar na nufi Kausani. Na same shi yana sharar gona. Ya ajiye fartanya, ya gaishe ni yadda yake gaishe da Kano, gida da aiki da gajiyar hanya, ni kuwa kowace gaisuwa sai ta ƙara mini nauyi. Na gaya masa komai, na roƙi gafara.

Ya ce, "Allah ya yafe mana duka. Yanzu Kano na jin Wudil?"

Na ce, "Tar, Baba."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ka gaya wa sabon kada ya bar wurin ya bushe." Sannan ya ce, "Har yanzu Malam Isa ne ke amsawa? Ka gaishe shi. Ranar da zan tafi da yamma aka ba ni takardar, na yi ta kira in yi masa sallama, bai ji ni ba."

Na kai gaisuwar. Malam Isa ya juya ya fuskanci rediyonsa, ya daɗe bai waiwayo ba.

Abin da nake gaya wa duk wanda aka ba ni in koya wa aiki ke nan: mita tana faɗa maka abin da ke faruwa a sa'ar da kake tsaye, mutumin da ke zaune da na'urar shi ya san sauran yinin. Idan ya ce ka tsaya zuwa la'asar, ka tsaya. Yanzu an kwashe rediyoyin nan an jibge a sito, waya ta maye gurbinsu, saƙo yana shiga ba gaisuwa. Malam Haladu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ina kewar wannan zamanin, ina kewar muryarsa. Har na yi ritaya, duk ofishin da na je duba eriya, a gindin turke nake alwala, abin da ya rage a buta in juye a wurin.