Sunan da Tsohuwa Tumba Ta Ƙi Faɗa

Da damina ta sauka bana, yayata Kulu ta cika shekara ashirin a kabari. 'Yan Sabon Birni suna tuna ta da karɓar haihuwa da kuma faɗa, don Allah ya yi mata baki. Ni kuwa duk lokacin da na tuna ta, wata tsohuwa ce take faɗo mini a rai, wadda ban taɓa gani ba sai a bakin Yaya Kulu.

A zamanin Turawa ne, wata bazara da sanƙarau ya ɓarke a ƙasar Isa. Aka kafa bukkokin zana a bayan gari aka killace marasa lafiya, aka tura Yaya Kulu jinya, lokacin ba ta daɗe da koyon aikin nas ba. Cikin waɗanda aka kawo akwai Tumba, daga wani ƙauye kusa da Gatawa. Ta tsira da ranta, amma ciwon ya taɓa mata kai, ya kuma rage mata gani. Yau ta ce tana kasuwa, gobe ta ce Yaya Kulu ta sace mata akuya. Kowa dariya yake yi mata, har da yayata.

Wata safiya Tumba ta ce an ɗaure ta an buge ta. Masu jinya suka ce iskoki ne, dama a Gobir ba a rasa abin da za a ɗora wa iska. Yaya Kulu ba ta yi gardama ba, ta ɗaga zanen tsohuwar ta duba. Sai ga shatar igiya a wuyan hannu, ga kumburi a haƙarƙari.

Ta ce, "Inna, wa yab buge ki?"

Tumba ta rufe baki da mayafi ta ce, "Mai sunan Malam na. Shi yaɗ ɗamre ni don kar in hita."

Malam mijinta ne, ya daɗe da rasuwa. Yaya Kulu ta tambayi wata jikar Tumba sunansa, aka ce Labbo. A sansanin kuwa akwai Labbo guda, mai gadin bukkoki, yaron gidan wani babba a garin. Tumba ta manta ranar da ake ciki, ta manta garinsu, amma kunyar sunan miji ba ta bar ta ba.

Da likita Bature ya zo rangadi, Yaya Kulu ta kai ƙara. Ya sa tafinta ya tambayi tsohuwar inda take, ta ce gidanta. Ya ce ta faɗi sunan wanda ya buge ta, ta sake rufe baki ta ce mai sunan Malam. Ya ce ta nuna shi, ga ido ba ya gani. Tafinta ya juya ya gaya wa Bature wai mijinta da ya mutu take nufi. Abin da ya ci wa yayata rai har ta mutu shi ne babu Bahaushe ɗaya a wurin da bai gane maganar ba, har shi tafintan, amma duk suka sunkuyar da kai. Ta yi bayani da ɗan Turancinta, likita ya tambaye ta ko ita ma ta yarda ta saci akuyar. Aka yi dariya, magana ta mutu.

Ba a kore ta ba, an dai mayar da ita Sabon Birni, wai ta cika tayar da fitina. Ranar da za ta tafi ta ce wa Tumba, "Inna, za ni tahiya." Tsohuwar ta riƙe mata zane sai da aka ɓamɓare hannunta. Labbo ya ci gaba da gadi, Tumba kuwa ba ta kai damina ba.

Ina tambayar kaina me Yaya Kulu za ta ce da ta ga yau. An yi gine-gine, Turawa sun tafi, babu sauran tafinta tsakanin likita da mara lafiya. Amma kwanan baya na je dubiya wani asibiti, na ji wani dattijo yana cewa an mare shi. Ɗansa na cikinsa ya ce, "Ku yi haƙuri, tsufa ne." Wata nas ta yi murmushi ta wuce, babu wanda ya dubi kuncinsa. Na yi magana, aka dube ni, wani tsohon, aka yi mini irin murmushin nan. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban ga alamar abin zai canza ba.

Yaya Kulu ba ta mutu ta bar gida ba, ba ta bar gona ba, 'yan matan da ta koya wa ɗaga zane su duba ma yawancinsu sun bi ta lahira. A ciwonta na ƙarshe ita ma kanta ya rikice, har ni ba ta ganewa. Duk nas ɗin da ta shigo sai ta kama mata hannu ta ce, "Kun duba hannun tsohuwag ga?" Su kuwa sai su gyara mata matashi su ce mini, "Baba, kada ka damu, sambatu ne."