Jan Kwalekwalen Ghislain

Ghislain Pelletier ya yi aiki a masana'antar takarda har ya yi ritaya, amma a ƙauyenmu na bakin kogin Jacques-Cartier da jan kwalekwalensa aka san shi, kuma ba a ambatonsa sai an haɗa da abokinsa Normand Gagné. Tun suna samari suka ari mazubin ƙera kwalekwale na ƙungiyarmu ta matuƙa kwalekwale, suka shimfiɗa ƙyallen zaren gilashi, suka jiƙa shi da gam, suka fitar da kwalekwale mai cin mutum biyu. Normand ke durƙusawa a gaba yana karanta ruwa, Ghislain a baya yana juya akala. A wurinmu wannan ya kusa zama aure, domin na baya ba ya ganin dutsen da ke tafe, ransa na hannun na gaba.

Da tsufa ya kama su sai kwalekwalen ya koma bayan garejin Ghislain, rana ta ci launinsa, katakon gefensa ya ruɓe. Ni maƙwabciyarsa ce, kuma ina tsaye a wurin ranar da Normand ya zo, ana dab da fara sanyi, ya ƙwanƙwasa jikinsa ya ce, "Tsoho, gyara mana shi. In ƙanƙarar kogi ta narke mu sake gangarawa ko sau ɗaya ne, kafin a rufe mu da ƙasa."

"Da waɗannan gwiwoyin naka?" in ji Ghislain.

"Gwiwoyina sun fi idanunka lafiya. Wa ya kifar da mu a ƙarƙashin gada?"

Ghislain ya yi dariya har da hawaye. Tun rasuwar matarsa ban ga haƙoransa ba sai ranar.

Duk lokacin sanyi yana gareji. Ya kankare tsofaffin faci, ya liƙa sababbi ta ciki, ya fere sabon katako ya ɗaure gefe, ya ɗinka maɗaurin da ke riƙe cinyar matuƙi. Warin gam har cikin kicin ɗina, ban yi ƙorafi ba. Normand kan leƙo ranar Lahadi da burodi da ruwan zaƙin itacen mafal, kullum da sabuwar buƙata: a goge facin waje ya yi sumul, a ƙara fenti, a shafa wa katakon abin ƙyalli.

Wannan ya tsaya mini a rai. Mai niyyar shiga duwatsu ba ruwansa da ƙyalli, gangara ɗaya za ta kankare shi tas. Na ce wa Ghislain, "Maƙwabci, ruwa ba ya tsami banza. Me na gaba zai yi da fenti?"

Ya ce, "Odile, ke dai ba ki taɓa son Normand ba. Mutumin da na ba shi raina shekara da shekaru?"

Da ƙanƙara ta fara narkewa Normand ya zo da motar surukinsa, mijin 'yarsa, ya ce zai kai kwalekwalen rumfarsu fenti ya ƙarasa bushewa. Kogi ya cika, 'yan ƙungiya suka fara shiga, Ghislain ya goge filafilinsa na tuƙi ya jingine a bakin ƙofa. Ya buga waya, aka ce Normand na asibiti ganin likita. Ya sake bugawa, aka ce ya fita.

Ni na fara gani, kuma ni na kai Ghislain, don gara ya gani da idonsa. Surukin ya buɗe gidan abinci a bakin hanya. Muna shiga sai ga jan kwalekwalen a rataye kife a rufi, an huda cikinsa jere tun daga baya har gaba, kowane rami da ƙwan lantarki. Baƙi na ta ɗaukar hoto. Raina ya ɓaci.

Normand ya fito daga kicin yana dogara sanda. Bai iya kallon abokinsa ba.

"Likita ya hana ni durƙuso tun bara," ya ce. "Da na gaya maka don ado ne, da ba ka taɓa shi ba. Kuma ba mai gyara kamarka."

"Da ka gaya mini ba za ka iya ba, da na zauna tare da kai a bakin ruwa," in ji Ghislain. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. "Wa ya huda shi?"

"Surukina ya ji tsoro kada ya tsage. Ni na huda, don ni na san inda ya fi kauri."

"Ka sani mana. Ni na ƙara masa kauri a nan, don kada dutse ya sami gwiwarka."

Ya juya ya fita, na bi shi. A mota ya ce mini, "Odile, in wani yaro a ƙungiya na son filafili, ki ba shi nawa."