Matar Da Ke Neman Otal A Hamburg

A ofishin baƙi na tashar jirgin ƙasa ta Hamburg, matar da ke gabana a layi za ta kai shekara hamsin. Kwat ɗinta mai tsada ce, amma takalmanta na zaman gida ne, kuma ba akwati a hannunta. Duk wanda ya turo ƙofa sai ta waiwaya.

Ma'aikaciyar ofishin ta shimfiɗa mata hotunan manyan otal biyu. "Wannan yana kallon tafkin Alster, ranki ya daɗe. Wancan kuma abincinsu ba a magana."

"Ba ruwana da tafki, 'yata," in ji matar, murya ƙasa-ƙasa. "Wanne ne in mutum ya zo ya ce shi mijina ne, ba za su bar shi ya hau sama ba?"

Ma'aikaciyar ta dube ta, ta nuna na biyu, ta jawo waya. Ina zaton matar ta daɗe tana shirya wannan fitar a zuciyarta.

"Wane suna zan ba su?" in ji ma'aikaciyar.

Matar ta buɗe baki, ta fasa. Can ta ce, "Oltmanns. Sunan mahaifina ke nan, ba na mijina ba." Tana faɗin haruffan a hankali, kamar mai tuna hanyar gida.