Baƙuwar Kawu da Allurar Garmaho

Jiya a kasuwar Gandi wata waƙa ta taso daga shagon mai gyaran rediyo, na tsaya cak. Waƙar Kawu ce, Allah ya jiƙan shi.

Faifan garmaho guda gare shi, na kiɗan sol irin na Baƙaƙen Amurka. Wani malamin makaranta Kirista, mutumin Filato, ya bar mai shi tare da garmahon, sa'ad da aka canza ma malamin wurin aiki daga garinmu Goronyo. Gara ta cinye takardar faifan, ba wanda ya san sunan mawaƙiyar. Kawu ya sa mata Baƙuwa.

In mun gama ban ruwa da la'asar, sai ya jona garmahon da batiri a rumfar gona, ƙafafunmu duk taɓo, ƙanshin ɗanyar albasa ko'ina. Muryarta kauri gare ta, ƙahoni na amsa mata. Kawu ko kalmar Turanci bai ji.

"Kawu, mi take cewa?"

"Ina ruwanka? Wagga mata ta sha wuya, amma ba ta bar dariya ba. Saurara!"

A tsakiyar faifan akwai tabo, kullum nan allura ke sarƙewa, Baƙuwa ta yi ta maimaita kalma guda. Sai Kawu ya ce, "Ta gaji, a kama mata," ya tura allurar da ɗan yatsa, mu kwashe da dariya.

Jiya kuwa ta wuce wurin sumul, ba mai kama mata. Ni dai na tsinci yatsana a miƙe tsakiyar kasuwa.

Kawu, Allah ya haye da kai siraɗi ba tuntuɓe.