Igiyar Garba Ba Ta Bar Hannuna Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Garba, kuma shekara tara ke nan da Kawu Haladu ya tashi a zaman makoki, a nan Greensboro, ya ce ni na saki igiya. Ƙarya ce. Ina so a buga wannan a jarida yadda na faɗe shi.

Mu 'yan Yawuri ne, gidan masunta. Garba ya iya nutso tun bai iya ɗaura zariyar wando ba. Da muka zo Amurka ya yi kwas, wani kamfani ya ɗauke shi aikin gyaran bututu a ƙarƙashin madatsun ruwa. Ni boko bai karɓe ni ba, sai aka ba ni aikin sama: riƙe igiyarsa da tiyon iska, da sauraron rediyon da ke cikin kwalkwalinsa. Ruwan nan ba irin na gida ba ne. Baƙi ne, ga sanyi, ko tafin hannunka ba ka gani. Ƙarfi ba ya aiki a can, sai natsuwa. Mai nutso zai iya yi maka ƙarya da baki, amma numfashinsa a kunnenka yake.

Wata rana bututu ya zuƙe masa ƙafa, da kyar muka zaro shi. Ƙafar ta warke, zuciyar ba ta warke ba. Da ya sa kwalkwali sai in ji numfashin yana gudu. Shugaban aikinmu da kansa ya ce ya huta, babu laifi. Garba ya yarda.

Sai aka yi wani suna a wani gidan haya a titin Wendover. Kawu, wan mahaifiyarmu, yana zaune da faranti a cinya, ya ɗaga murya: "Garba, an ce ruwan Turawa ya kore ka? To a samo maka zane mana, ka taya mata tuyar ƙosai." Aka kwashe da dariya, har da matar Garba a kicin. Garba ma ya yi dariya. Ranar Litinin ya ce wa kamfani ya warke.

A ranar da abin ya faru, yana isa ƙasa na ji numfashin ya birkice. Na kira sunansa, na yi masa Hausa, na ce ya tsaya cik. Bai ji ni ba. Ya yi ta juyi har igiyar ta naɗe a ƙarfe, sannan ya fizge kwalkwalin da hannunsa. Masu bincike sun ce kayan aiki lafiya lau suke. Firgita ce.

Amma a gidanmu ba a cewa ɗan masunta ya ji tsoron ruwa. Abin kunya ne har Yawuri. Dole a nemo hannun da ya yi sakaci, sai Kawu ya nemo nawa. Har mahaifiyarmu ta rasu ba ta ƙara ɗaukar wayata ba. Zainab, 'yar Garba, tana shekara shida lokacin. Yanzu ta zama budurwa, in ta gan ni a masallaci sai ta sauya hanya.

Nakan ce da Garba zai leƙo yau, me zai gani? A wurin aikin nan yanzu, yaro zai ce yau kansa ba daidai yake ba, a ce ya zauna a mota, ba mai yi masa dariya. Garba zai yi murmushi ya ce an ji daɗi. Sannan ya ga wanda ya yi masa ba'a a sahun gaba, ana ba shi lasifika ya yi addu'a a kowane taro. Abin da ya rage na Garba kuwa shi ne yarinyar nan mai irin tafiyarsa, da labarin ƙarya da ta girma a kai.

Bana Kawu zai tafi Hajji. Ya aika a kira ni gidan ɗansa a Summerfield, ya sallami kowa daga falo, ya kama hannuna. "Ɗana, abin da ya wuce ya wuce. A yafi juna."

Na zare hannuna. Na ce, "Kawu, a gaban mutane ka faɗa, a ɗaki kake so a goge? Kira Zainab ka gaya mata wanda ya tura ubanta ruwa, da Turanci, don shi take ji. Bayan nan mu yi maganar nawa haƙƙin. Na Garba kuwa ba a hannuna yake ba. Ka tsufa, ka kusa zuwa inda yake, sai ka roƙe shi da kanka."