Rular Inna Verna

Ƙarfe shida na safe, tun daga watan Mayu har sanyi ya kore mu, duk wanda ya bi ta filin wasan garinmu zai ga wata tsohuwa da takalman roba da shebur da butar ban ruwa. Inna Verna Oltmann ke nan. Ramuka goma sha biyu ne a filin, kowanne da turken ƙarfe a tsakiya, yumɓu kewaye da shi. Sai ta yaye tamfol, ta yayyafa ruwa, ta juya yumɓun, ta daddanna da ƙafa, sannan ta tsoma yatsa kamar mai duba kwaɓin burodi. In bai yi mata ba, ta sake daga farko. Shekara talatin da takwas tana wannan, kuma ba wanda ya sa ta.

Mu masu wasan jifan takalmin doki, lanƙwasasshen ƙarfen nan mai baki biyu da ake kafa wa doki a kofato, a wannan lungu na jihar Iowa mun san darajar yumɓun nan, sai dai ba ma faɗa. In ya bushe, takalmi ya faɗi ya yi tsalle. In ya jiƙe da yawa, ya nutse. Ni Wendell, shekara ashirin ina jifa, cikin ɗari da ƙyar goma sha biyar ke rungumar turke, shi ya sa duk gasa a rukunin ƙarshe ake ajiye ni. Na taɓa gwada ɗora wa yumɓu laifi.

"Inna, yau ramin nan ya yi tauri fa."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wendell, takalminka a ciyawa ya faɗi. Ciyawar ma ni zan juya maka?"

Ranar gasa kuma ita ce alƙaliya. Mutum biyu su jefa bibbiyu, su taka ƙafa arba'in zuwa ɗaya turken, su duba da idonsu. Takalmin da ya rungume turke maki uku, wanda ya fi kusa maki ɗaya. In sun yarda da juna, shi ke nan, ba ruwan alƙali. In sun saɓa, ba mai taɓa komai sai ta zo da tsohuwar rularta ta ƙarfe. Ta kara ta a bakunan takalmin biyu. In ta taɓa bakunan ba ta taɓa turke ba, runguma ce. In turke ya tare ta, sai haƙuri.

Mijinta Delbert, tsohon manomin masara, shekara talatin da suka wuce ya kafa wani ɗan katako a bangon falonsu, wai nan zai ɗora kofin gasar gunduma. Kofi bai zo ba. Duk Asabar Inna Verna ta goge katakon nan wayam. Da ya cika sittin da biyar aka ce ya matso layin ƙafa talatin, kamar yadda aka yarje wa dattawa, ya ce shi ba tsoho ba ne. Sai da kafaɗa ta ƙi, likita ya ja masa kunne, sannan ya ce to, bana ce ta ƙarshe a ƙafa arba'in. Kuma a shekarar nan tasa ta ƙarshe, yau shekara uku ke nan, Delbert ya kai wasan ƙarshe karo na farko a rayuwarsa. Abokin karawarsa Orval Stuckey ne, amininsa tun suna yara, wanda ya ɗauki kofin sau huɗu.

Wasan na mai fara kai maki arba'in ne. Orval talatin da tara, Delbert talatin da bakwai. Orval ya jefa biyu, duk suka kauce. Delbert ya jefa na farko, ya wuce. Na biyun ya tashi, ya juya a sama, ya faɗi a gindin turke, ƙwal! Wallahi masarar da ke hannuna sai da ta faɗi.

Suka taka tare. Orval ya ɗan sunkuya, ya miƙe da sauri.

"Runguma ce, Del. Ka ci. Kawo hannu."

Filin ya kaure da ihu. Amma Delbert ya tsuguna, ya karkata kai, ya daɗe yana kallo.

"Orval, yaushe idonka ya gyaru? Ba kai ne ran Lahadi a coci ka gai da abin rataye riguna ba?"

"Haba mutumina, karɓi abinka mu je mu ci kek!"

"A kira alƙali."

Ni da bakina na yi ihu, "Delbert, ka haukace ne? An ba ka!" Ko waiwaye bai yi ba.

Inna Verna, ke ce kika taho kina goge hannu a gefen wando, ba ki kalli mijinki ba. Ke ce kika durƙusa a yumɓun da kika kwaɓa da safe, kika kara rula. Ta taɓa baki ɗaya, kafin ta kai ga na biyu turke ya tare ta. Abin da ya rage bai fi kaurin takarda ba. Kika ɗaga, kika sake karawa. Duk filin ba wanda zai ce miki uffan da kin ɗan karkata hannu, har Orval yana yi miki alama da ido. Kika miƙe kika ce, "Maki ɗaya."

A jifa na gaba Orval ya rungume turke. Bai iya jifan ƙarya ba, ko ya so.

Delbert ya sha hannu da shi, ya juyo wajen matarsa.

"Tsohuwa, shekara arba'in da bakwai muna tare, ko kaurin takarda ba za ki yafe mini ba?"

"Kai ka kira ni. In yafiya kake so, da Orval ka aura."

Aka fashe da dariya, har da shi. Ni ban yi ba, haushi nake ji, na yi sati biyu ban gaishe ta ba. Kuma ni ne na gan ta bayan an watse, a bayan rumfar ajiye shebur, tana share ido da bayan hannu. Duk da haka ban huce ba sai da na tare Delbert na ce me ya kai shi.

"Wendell, kai sakarai ne," in ji shi. "Wa ke goge katakon nan duk Asabar? So kake ta riƙa goge kofin da ba a auna ba?"

Asabar da ta wuce Inna Verna ta ajiye aiki, gwiwoyi sun ƙi durƙuso. Mun taru a filin da gasasshen nama da kek ɗin tuffa. Ta miƙa shebur da buta ga Darlene, matar makanikinmu, tare da gargaɗi: "Ruwa kaɗan kaɗan, kuma in Wendell ya ce ya yi tauri, ƙarya yake." Da ta ciro rula za ta miƙa, sai Delbert, wanda yanzu yake cika mana baki daga layin tsofaffi, ya yi wuf ya fizge.

"Ku sayi sabuwa. Wannan tana da wurin zama."

Inna Verna, mun gode. Mun gode da safiyoyin da ba mu gani ba, mun gode da hannun da bai karkata ba ranar da duk muka so ya karkata. Ku kuma 'yan baya, duk wanda aka miƙa wa shebur ko rula, a wannan fili ko wani, ya riƙe kamar yadda ta riƙe.

Jiya na leƙa gidansu. Rular na kan katakon nan na falo. Inna Verna tana zaune ta miƙe ƙafa, Delbert kuma na tsaye da tsumma yana gogewa.